Waƙa ta Mutum Nawa Ce? Zaman Haɗa Waƙa a Jos, daga Zaure zuwa Situdiyo

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan kiɗa da waƙa a garin Jos

Tsakure

Takardar ta dubi yadda mawaƙa da makaɗa ke zama su haɗa waƙa, ta ɗauki Jos a matsayin fagen nazari. Ta bi ta zauren makaɗan gargajiya, da kuntigin Ɗanmaraya, da zaman mawaƙan coci, sannan ta daɗe a situdiyon zamani. Abin da take neman nunawa shi ne, situdiyo ya gaji al'adar zaure ta jingina waƙa ga mutum guda, amma ya ajiye nauyin da jagora ke ɗauka na yaransa. Daga nan ne mafi yawan rigingimun mallakar waƙa ke tasowa.

1.0 Gabatarwa



Idan sabuwar waƙa ta fito, abin da mai sauraro ke fara tambaya shi ne, "Ta wa ce?" Suna ɗaya kuma yake jira a ba shi. Mu ma manazarta haka muka saba. Kundayen digirin da ke sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da take irin na rayuwa da waƙoƙin wane. Mun ƙware wajen fito da jigo da salo da zubi da tsari, amma ba mu cika leƙa ɗakin da aka ƙulla waƙar ba, balle mu ƙirga mutanen da ke ciki.

Jos wuri ne da ya dace a yi wannan leƙe. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan tun farkon ƙarni na 20, kuma ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914. Baƙi suka tarar da Berom da Anaguta da Afizere, su na ƙarshen ne Hausawa ke kira Jarawa, sunan da har yau yake kan mazaɓar Jos Jarawa. Hausa ta zama harshen kasuwa da na filin haƙar ma'adinai, daga baya ta zama harshen wa'azi a masallaci da coci. Hedikwatar cocin ECWA da ta cocin COCIN duk suna Jos. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ma a nan take da mazauni, tare da makarantarta ta koyar da aikin fim. Saboda haka waƙar Hausa a Jos tana iya fitowa daga bakin mai bege, ko matan zumunta, ko mawaƙin fim, ko ɗan gambarar zamani, kuma sau da yawa makaɗi ɗaya ne ya yi musu kiɗa duka.

2.0 Zaure: inda aka faro

Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun bambanta waƙar ƙungiya da ta kaɗaita. A ƙungiya akwai jagora, da makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira mai kirari da ƙarin bayani. Wanda ya ga ƙungiyar a bainar jama'a kawai zai ɗauka jagora ne ke faɗa saura suna maimaitawa. Ba haka abin yake ba.

Ga makaɗan fada, waƙa tana farawa ne da tara labari. Sai an san kakannin ubangida, da garuruwan da suka kafa, da 'yan'uwan da suka nemi sarautar suka rasa, domin da su za a ɗinka zambo da habaici. Wannan aiki ba na jagora kaɗai ba ne. Yaron da ya kwana a gidan wani bafade yana iya dawowa da maganar da za ta zama ɗan waƙa guda. Daga nan jagora ya jefo gindin waƙa, makaɗa su nema masa kiɗan da zai zauna a kai, 'yan amshi su gwada shi a baki. In ya yi nauyi a harshe a rage gaɓa, in numfashi bai kai ba a sake tsinka shi. Gindin da 'yan amshi suka kasa ɗauka ba ya fita daga zaure, ko da jagora yana son sa. Wannan ita ce tacewa ta farko, kuma ta fi ta kowane edita tsanani.

A salon makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, aikin 'yan amshi ya wuce maimaita gindi. Jagora yakan fara magana ya sake ta, su ƙarasa masa, wani lokaci abin da suka ƙarasa ya fi abin da ya fara tsawo. Wannan ba ya yiwuwa sai da dogon zama tare. Ɗanƙwairo kansa a ƙungiyar gidansu ya tashi, ya yi shekaru a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya zama jagora. Wato ɗan amshi ɗalibi ne, abokin ƙirƙira ne, kuma mai jiran gado ne.

Za a ce ai Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙulla waƙa nan take ba tare da zaman shiri ba. Gaskiya ne. Sai dai a nawa ganin, Shata bai soke zaman haɗa waƙa ba, fitowa da shi fili ya yi. Yayin da 'yan amshi ke riƙe da gindi, masu kalangu na cike giɓi, shi yana samun 'yan daƙiƙun da zai shirya ɗa na gaba. A cire su a ga ko saurin zai tsaya yadda yake.

Abin lura a nan shi ne yadda ake biyan wannan gudummawa. Suna na jagora ne, ba a jayayya. Amma kyautar da aka samu, kuɗi ko riguna ko doki ko hatsi, akan raba ta bisa matsayi. Jagora yakan ciyar da yaransa, ya tufatar da su, ya tsaya musu a hidimar aure da suna. Ba ina cewa tsarin adalci ne tsantsa ba, domin yara da yawa sun bar iyayen gidansu a kan rabo. Ina dai cewa wanda ya rasa suna yana da wani abin da ya riƙe a madadinsa.

3.0 Ɗanmaraya: mutum ɗaya, muryoyi da yawa

Babban mawaƙin Hausa na wannan gari kuwa makaɗin kaɗaita ne, kuma bai kamata mu tsallake shi don ya saɓa wa hujjarmu ba. An haifi Adamu Wayya, wato Ɗanmaraya Jos, a Bukuru a 1946, ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma da iyayen suka rasu yana ƙarami sarkin ne ya riƙe shi. Bai gaji ƙungiya ba. Abin da ya riƙe shi ne kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata mai tsirkiya ɗaya.

Duk da haka, wanda ya saurare shi da kunnen nazari zai ji cewa tsarin jagora da amshi yana nan. Idan ya ajiye magana, kuntigin ne ke karɓa. A waƙoƙi irin su "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya" yakan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai kai gulma, shi kaɗai ya yi aikin mutum uku ko huɗu. Kayan waƙarsa kuma daga tasha da kasuwa da tsakar gida ya kwaso su, kamar yadda "Karen Mota" ta nuna. Ɗanmaraya ya tabbatar da cewa ana iya haɗa waƙa ba tare da abokin zama ba. Ya kuma nuna tsadar hakan: sai mutum ya iya kiɗa da waƙa da kwaikwayo da tace kansa, duka a lokaci guda. Irinsa ba su da yawa, shi ya sa har yau kujerarsa ba ta sami mai zama ba.

4.0 Zaman mawaƙan coci

Nazarin waƙar Hausa bai ba wannan ɓangare haƙƙinsa ba, alhali a Filato yana daga cikin wuraren da aka fi ƙirƙirar sababbin waƙoƙi da Hausa. Ƙungiyoyin zumuntar mata sukan haɗu a ranakun koyo. Wata ta zo da aya daga Littafi Mai Tsarki da ɗan karin da ya faɗo mata, sau da yawa mai kama da karin gargajiyar ƙabilarsu. Sauran su karɓa, mai buga tulu da masu kacau-kacau su daidaita, a gyara kalmar da ta ƙi zama. Kafin ranar Lahadi waƙa ta tsaya da ƙafarta. Bayan 'yan watanni a ji ta a wata majami'a a Bauchi ko Kaduna, ba wanda ya san wadda ta fara ta, ba kuma wanda ya damu, domin an ɗauke ta a matsayin ibada.

Muhimmancin coci ga batunmu bai tsaya nan ba. Nan ne yara da yawa suka fara taɓa ganga da jita da fiyano kyauta, suka koyi raba murya da sauraron na kusa da su. Panam Percy Paul ya daɗe yana aikin waƙar bishara da horar da makaɗa a Jos. Jeremiah Gyang, mai waƙar "Na Ba Ka", daga wannan tushe ya fito. Da yawa daga cikin masu kiɗan da situdiyoyin garin suka dogara da su, a coci aka yaye su.

5.0 Situdiyo

Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani mai yawa kan yadda fiyanon Yamaha ya shigo harkar waƙar finafinan Hausa a Kano a shekarun 1990, har na'ura guda ta maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Abin ya bazu zuwa Kaduna da Jos. Yau kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio da Cubase sun ƙara rage yawan hannayen da ake buƙata. Amma rage hannu daban, rage kai daban. Bari mu bi zaman yadda ya saba gudana.

Mawaƙi yakan zo da abu biyu: baitoci a littafi ko a waya, da kari a baki. Sau da yawa karin bai nuna ba, guntu ne kawai da yake gunguni. Mai kiɗa zai ce, "Rera mu ji." Yana rerawa, shi yana lalube a kan fiyano har ya gano inda muryar ta zauna. Shi zai yanke saurin waƙar, ya zaɓi ko kalangu za a sa ko ganga mai nauyi, ya ƙirƙiro ɗan busar da za ta buɗe waƙar, wadda ita ce mutane za su riƙa ganewa tun kafin a buɗe baki. Yakan ce wa mawaƙin, "Wannan layin ya yi tsawo, cire kalma biyu," ko "Amshin nan ba ya kama kunne, mayar da baiti na biyu ya zama amshi." Duk wanda ya yi wannan ya shiga cikin rubutun waƙar, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Sai mai amshi ta zo, a waƙoƙin soyayya da ake karɓa-karɓa tsakanin namiji da mace. An rubuto mata baitocinta, amma rubutun namiji ne. Takan ce, "Mace ba za ta faɗi haka ba," ta sauya. Takan ja wata gaɓa ta lanƙwasa ta yadda ba a tsara ba, a ji ya fi daɗi, a bar shi. Akwai kuma 'yan benci, abokan da suka rako mawaƙi suna zaune suna latsa waya. Idan amsa-amo ya ƙi samuwa, daga cikinsu ne wani zai jefo kalmar da ta dace, a yi dariya, a ɗauka. A ƙarshe mai tace sauti ya zauna shi kaɗai cikin dare, ya gyara muryar da ta kauce, ya yanke numfashi, ya jera amshi sau uku inda aka rera sau ɗaya. Duk wannan kuma ana yin sa ana duban agogo, domin kuɗin zama da na man janareta suna tafiya. Wannan matsi yana da tasiri a kan sigar waƙar: abin da aka samu a awa biyun farko shi ake riƙewa, ba don ya fi kyau ba, sai don lokaci ya ƙure.

Aƙalla mutum huɗu ke nan suka sa basirarsu. Idan waƙar ta fita, sunan mutum ɗaya take ɗauka. In ta fim ce ma, abin ya fi haka: jarumi da jaruma su hau waƙar, masu kallo su riƙa kiran ta da sunansu. Shekaru da dama muryoyin matan da suka riƙe waƙoƙin finafinai sun fi fuskokinsu da sunayensu sanuwa nesa ba kusa ba. Mai kiɗa an sallame shi tun ranar, mai amshi an ba ta na mota da ɗan abin da ya samu. Idan waƙar ta kawo gayyatar biki da liƙi da kuɗin YouTube na shekara biyar, ba su da ko sisi a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jagoran zaure aƙalla ya san inda ɗan amshinsa ke kwana.

Ɓangaren gambarar zamani, wanda ya fitar da sunan Jos a faɗin Afirka, ya ɗan bambanta. Jude Abaga, wato M.I, da ƙaninsa Jesse Jagz, da Panshak Zamani da aka fi sani da Ice Prince, a garin nan suka haɗu suka yi ta aiki tare kafin su koma Legas ƙarƙashin kamfanin Chocolate City. A tsarinsu kowa shi ke rubuta baitinsa, kuma abin kunya ne a ce wani ya rubuta maka. Haɗin gwiwar tana wajen kiɗa da amshi, da kuma gasar da ke tsakaninsu: in ka ji baitin ɗan'uwanka ya fi naka, ka koma gefe ka sake. Waƙar "Oleku" ta 2010 misali ce mai kyau. Sunan Ice Prince take ɗauke da shi, Jesse Jagz ne ya yi kiɗan, Brymo, ɗan Legas, ya yi amshin, kuma ko wanda bai riƙe baiti ɗaya ba ya riƙe wannan amshi. Abin yabawa shi ne an bayyana sunayen duka ukun tun ranar farko. A wannan fanni 'yan gambara sun sha gaban mawaƙan finafinanmu.

Amma ambaton suna kaɗai bai isa ya hana rigima ba. Mawaƙan nan Peter da Paul Okoye na ƙungiyar P-Square tagwaye ne da aka haifa a Jos a 1981, suka yi makarantar St. Murumba. Sun rabu a 2017, suka shirya a 2021, saɓani ya sake fitowa fili a 2024. Cikin abubuwan da suka yi ta musayar magana a kai a bainar jama'a har da wane ne ya rubuta waƙoƙin da suka yi suna da su. Ba aikin wannan takarda ba ne ta ce wane ke da gaskiya. Abin da nake so mu gani shi ne, in mutum biyu da suka kwanta a ciki ɗaya za su iya saɓawa a kan abin da ya faru a ɗakin haɗa waƙa shekara ashirin da suka wuce, to amana da tunawa ba za su wadatar da kowa ba.

Akwai wani sauyi da ya shafi Jos musamman. Rikice-rikicen Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010 sun raba unguwanni bisa addini, sun kuma sa mutane taka-tsantsan da tafiyar dare, alhali dare ne lokacin situdiyo. Mawaƙin da a da zai taka zuwa wata unguwa wurin makaɗin da ya fi so, sai ya fara lissafi. Yanzu waya ta kawo sauƙi: a turo kiɗa ta WhatsApp, a ɗora murya a wani wuri, a mayar. Aiki yana tafiya, har da waɗanda ke Kano ko Yamai. Sai dai an rasa gyaran nan take, irin wanda ke zuwa idan mai kiɗa ya yamutsa fuska tun kafin ka kai ƙarshen layi. Waƙar da aka haɗa ta aike sau da yawa ana jin ɗinkinta.

6.0 Rabo da abin da doka ta ce

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma wasu sun nema mata mafita tun da wuri. Mawaƙan nan biyu, John Lennon da Paul McCartney, sun yi alkawari tun suna samari cewa duk waƙar da ɗayansu ya yi wa ƙungiyarsu za ta ɗauki sunan su biyun. A Nashville ta Amurka, al'adar marubuta waƙa ita ce a raba daidai tsakanin waɗanda suka zauna rubutun, ba a ƙirga wa ya kawo layi nawa. Ba lallai mu kwafi ɗaya daga ciki ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne an yanke magana kafin kuɗi ya shigo.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta bambanta abu biyu da mawaƙanmu ke cakuɗawa: waƙar kanta, wato kalmomi da kari, da kuma ɗaukar sautin da aka yi. Haƙƙin waƙar yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, in kuma aikin haɗin gwiwa ne, daga rasuwar na ƙarshensu ake ƙirgawa. Na ɗaukar sauti shekara 50 ne, kuma yana komawa ga wanda ya ɗauki nauyin shirya ɗaukar. Dokar ta kuma ce sallama haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Ma'anar wannan ita ce, mawaƙin da ya biya mai kiɗa da baki kawai yana zaton ya sayi komai, yana iya farkawa ya ga bai saya ba. Mai kiɗan kuma da ke da haƙƙi, ba shi da takardar da zai nuna. Kowannensu yana cikin haɗari.

Na san abin da za a ce: fito da takarda a gaban aboki alama ce ta rashin yarda, kuma kunya ba za ta bari ƙaramin makaɗi ya nemi hakan daga babban mawaƙi ba. Shi ya sa nake ganin nauyin bai kamata ya hau kan ƙarami ba. Masu situdiyo ne ya kamata su mayar da shi ƙa'idar gida, kamar yadda suke rubuta rasit: takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, mai ɗauke da sunan waƙa, da ranar zama, da wanda ya kawo baitoci, da mai kari, da mai kiɗa, da mai amshi, da kason kowa, ko kuma bayanin cewa an sallame shi gaba ɗaya a kan kuɗi kaza ya kuma yarda. In ƙa'ida ce ga kowa, ba wanda zai ji an zarge shi. Ƙungiyoyin mawaƙa na Filato za su iya tsara ta su raba wa mambobinsu, gidajen rediyo kuma su riƙa faɗin sunan mai kiɗa da mai amshi idan sun sa waƙa.

Mu kuma malamai, akwai tsofaffin 'yan amshi da masu kalangu da suka yi aiki da manyan makaɗan da suka rasu, akwai matan zumunta da suka ƙirƙiri waƙoƙin da ake rerawa a jihohi da dama, akwai masu fiyanon da suka yi kiɗan finafinan farko. Da yawansu suna raye, shekaru kuma sun ja. Ina roƙon duk mai duba kundin ɗalibi ya tura aƙalla ɗalibi ɗaya wurinsu da na'urar ɗaukar magana.